Takubban Katako a Hanyar Rigachikun

Hayin Banki zuwa Kawo

Ana idar da sallar asuba na fito da buhu a kafaɗa. A ciki akwai takubban katako da na shafa wa fentin azurfa, da baƙar tuta mai zanen ƙoƙon kai. Ni malamin tarihi ne. Ɗalibaina sun shafe zango guda suna koyon wasan kwaikwayo a kan Yahudawan da aka kora daga Sifen saboda addininsu, waɗanda wasunsu suka hau teku suna yi wa jiragen Sifen fashi. Da hantsi za su nuna shi a gasar makarantu a Rigachikun. Yaran sun tafi tun jiya, ni da kayan kawai ake jira.

Mai Keken da na tare ya leƙa buhun, ya kalle ni sama da ƙasa.

"Malam, lafiya dai ko?"

"Wasa ne."

"To, Allah ya sa." Ya kai ni Kawo.

Shingen hanya

A Kawo na sha koko da ƙosai a tsaye, na shiga bas. Mun ɗan taɓa tafiya aka tsayar da mu. Wani jami'in tsaro mai furfura ya buɗe buhuna a bayan motar, ya zaro tutar, sannan takobi. Kaico, ban taɓa jin haushin iya fentina ba sai ranar. Wata mata da muke ta hira da ita ta matsa can jikin taga.

"Na waye wannan?" in ji jami'in.

Na sauko, na shiga ba shi darasi a bakin titi: an ce wa Yahudawan Sifen ko su bar addininsu ko su bar ƙasar, Musulmi ma haka aka yi musu daga baya.

"Yahudawa 'yan fashin teku? A Kadunan da ko kwalekwalen kirki babu?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Can ya dube ni. "A wasan naku, sun koma gidajensu?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Mu ma haka. A Unguwar Shanu aka haife ni, kusa da cocinmu. Da aka yi rikici muka tsallaka gada, muka koma kudancin gari. Ni dai ban zama ɗan fashi ba, kaki na saka." Ya miƙo mini takobin. "Je ka, kada yara su jira. In ka bi ta can, duba mini ko mangwaron gidanmu yana nan." Ya kwatanta mini layin.

Rigachikun da komawa

Mun zo na biyu a gasar. Yaron da ya fito a Sarkin Sifen ya manta maganarsa, shugaban 'yan fashi kuma ya karya takobi a gadon bayan ɗan'uwansa.

Da la'asar na biyo ta shingen, an canza masu aiki. Duk da haka na ratse Unguwar Shanu. Mangwaron yana nan, ya yi 'ya'ya har rassa na taɓa katanga. Masu gidan suka tsinko mini cikin leda.

Na iso gida lafiya, alhamdulillahi. Ina godiya ga bawan Allahn nan, kuma raina ya sosu, domin ko sunansa ban tambaya ba.