Gilashin Da Na Goge Wa Ƙanwata

Shekarun baya, lokacin ina da shagon yankan gilashi a Gusau, ƙanwata ta zo daga jami'a da gilasai uku a naɗe cikin tawul, tana riƙe da su kamar jariri. Aikinta ne na kammala karatu, wata huɗu tana kansa, saura kwana uku ta gabatar. So take in rage mata gefe su shiga firam. Ta ja mini kunne kada in taɓa fuskarsu, ta wuce gaida inna a Damba.

Ni kuwa a lokacin gani nake babu wanda ya fi ni sanin gilashi a Zamfara kaf. Da na ɗaga su a rana sai na ga wani shuɗi-shuɗi kwance a kai. Na ce lallai 'yan boko ba su iya tsabta ba. A sana'armu abin kunya ne aiki ya bar hannunka da dauɗa, don haka na ɗauko tsumma da toka na dirje biyu tas. Ina kan ɗaukar na uku ta shigo.

"Yaya, mi ka yi musu?"

"Goge su na yi mana. Dauɗa ta."

Ta zauna a kan benci. "Yaya, dauɗag ga ita ta aikin nawa."

Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ta tashi ta zare wayar eriyar talabijin ɗin shagon, hoto ya ɗauke. Ta maƙala wayar a ɗaya daga cikin waɗanda na goge, babu komai. Ta maƙala a na ukun, sai ga mai karanta labarai ya fito tar, har ana ganin zanen hularsa. Na leƙa ta cikin gilashin, ina hango masu babur a titi sarai, amma ga shi yana kamo hoto daga iska. Ta ce azurfa ce aka shimfiɗa a kai, siririyar da haske ke ratsa ta, lantarki kuma yana bi ta cikinta. Subhanallahi kawai nake ta maimaitawa.

Ni na raka ta har makaranta. A cinyata na riƙe gilashin, tun daga tasha har muka wuce Tsafe ban yarda na jingina da kujera ba.

Ta ci jarrabawar da guda ɗayan nan. Har yau idan na tuna, mamakin ilimin da Allah ya ba yarinyar da na goya a bayana yakan cika ni, kunya kuma ta biyo baya. Sai bayan shekara biyu ƙawarta ta gaya mini cewa malamai sun rage mata maki, sun tsare ta da tambayar ina sauran biyun. Ta ce musu ita ce ta yi sakaci.