Hawan Jinin da Awon Hannu Ba Ya Gani

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Barkin Sale a Minna, ni da mai ɗakina, muka nufi Abuja ganin likitan zuciya. Ta daɗe tana haki; ko tsakar gida ta share sai ta nemi bango ta jingina. Wani mai kemis a Tunga ya sha ɗaura mata abin awo a hannu, kullum sai ya ce jininta lafiya lau, ni ne dai zan rage tsire. A unguwarmu hawan jini ciwon maza masu tumbi ne, nawa tumbin kuwa yakan riga ni shiga masallaci.

Hanyar Suleja akwai ramukan da za a iya kiwon tarwada a ciki. Direba na kauce musu, kawunanmu na ta gaisawa. A Lambata doya ta yi tsadar da sai da na tambayi mai ita ko daga Makka aka sauke ta. Na ci soyayyiyar doya da yaji, mai ɗakina ruwa kawai ta kurɓa.

A asibiti nas ta dube ni sama da ƙasa, ta turo mini kujerar marasa lafiya. Na ce ni ɗan rakiya ne. Bayan hoton zuciya, likita ya sa ta taka a baranda. Na bi ta ina tafiyar soja. Kafin mu kai tsakiya leɓenta ya yi duhu.

Likita ya ce, "Alhaji, hawan jini ne, amma a jijiyoyin huhu. Ya fi kama mata, musamman masu shekarun haihuwa. Za mu ɗora ta a kan magani, sai dai in ta sake ɗaukar ciki, zai iya tafiya da ita."

Ta ce, "Likita, ko ɗaya tak?"

"Hajiya, ko ɗaya."

A dawowa, da muka iso Paiko, ta tambaye ni wa zai gaya wa mahaifiyata, wadda tuni ta zaɓa wa jika na gaba suna. Na ce ni.

Da magariba muka shigo Minna. Na kai ta gida, na wuce wajen tsohuwa, na durƙusa na ce, "Inna, mun rufe haihuwa, kuma ni na yanke." Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce gobe a kawo mata yaran, uwarsu ta huta.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan: in mace ta ce numfashinta ba ya isarta, a kai ta inda za a duba ƙirjin, ko da mijin ne mai kama da majinyaci.