Wayoyin Hawa na Biyu

Mai Mita ake ce masa, don ba a ganinsa sai da jakar na'urar gwaji a kafaɗa. Shekara ashirin da 'yan kai yana zagaya ofisoshi da masaukai yana duba kayan lantarki: butar dafa ruwa, dutsen guga, firinta, duk abin da ake jonawa a bango. Matarsa takan ce ko gaisuwa aka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta.

Abin da ya fi damunsa shi ne wayar ƙasa, silin nan na uku da ke janye wuta in ta ɓalle zuwa jikin ƙarfe, kada ta kama mai taɓawa. In wayar na'ura mai cirewa ce, sai ya auna ta ita kaɗai, ya manna mata sitika mai lamba, ya ba ta layinta a littafi. Sannan ya haɗa ta da na'urar ya sake aunawa, ya rubuta wace waya aka gwada da wace na'ura.

Wata Talata da hantsi aka kira shi wani masauki. Shugabar masu gyaran ɗakuna, wata dattijuwa mai fara'a, ta zaunar da shi a sito, tsakanin zannuwan gado, ta ce ita za ta riƙa kawo masa butocin hawa na biyu ɗaya bayan ɗaya, kada a takura wa baƙi.

Wayar farko ta nuna sakamako mai kyau, ya rubuta. Ta biyu ta ba da adadi iri ɗaya sak. Ta uku ma haka. Ya ɗaga gira. Ko a kwali ɗaya aka sayo wayoyi, da wuya su yi kunnen doki har sau uku. Da ta kawo ta huɗu, ya shafa wuyan filogin, ya ji danƙo ya kama masa yatsa, daidai inda yake manna sitika.

"Hajiya, wannan wayar mun gaisa da ita ɗazu."

"Haba Malam, ai duk kamarsu ɗaya."

"To ina sitikun da na manna wa 'yan'uwanta?"

Can ta zura hannu a aljihun rigar aikinta, ta fito da su uku a dunƙule.

Baƙi ne, in ji ta, ke tafiya da wayoyin a jakunkunansu, manajan masaukin kuma ya sayo masu araha a madadinsu. Tun daga nan wata ma'aikaciyarta ta ce wutar buta ta fizge ta. Ita dattijuwar ta kai ƙara, manaja ya ce in mai gwaji ya ga matsala, laifin masu gyaran ɗakuna ne. Shi ya sa ta riƙa dawo masa da waya ɗaya mai kyau, tana ɓare sitikar.

Mai Mita ya hau bene da kansa, ɗaki ɗaki. Cikin wayoyi goma sha ɗaya, bakwai mita ba ta ga hanyar ƙasa a cikinsu ba. Ya yanka guda da filaya: sili biyu ne kacal, ƙafar filogin ta uku ado ce kawai. Ya ja layi a kan abin da ya rubuta da farko, ya sa hannu a gefe, ya sake cike shafin.

"Don Allah kada sunana ya shiga," ta ce.

"Littafin nan na wayoyi ne, Hajiya."

Manaja ya karɓi rahoton yana murmushi, ya rantse za a sauya su a ranar. Mai Mita dai ya guntule filogin duka bakwai ɗin a gabansa, ya zuba a jaka. Da shekara ta zagayo, wani aka kira gwajin, ba shi ba.