Kwaɓin Ilu Ba Algus Ba Ne

Shekara ashirin da takwas ke nan da rasuwar yayana, Ilu magini, amma har yau sunansa bai huta ba a bakin mutanen Rafin Guza. In bulo ya marmashe a hannu, sai ka ji an ce kwaɓin Ilu ne. In katanga ta zube da ruwan farko, kwaɓin Ilu. Yawancin masu faɗin haka ba a ma haife su ba lokacin da muka kai shi makwancinsa.

Ni na ga abin da idona, don ni ke tuƙa tifar da ke kawo masa ƙasa. Lokacin da aka karya darajar naira, siminti ya fi ƙarfin leburori da direbobi irinmu. Yaya Ilu ya ce ba zai zura ido iyalan mutane suna gasuwa a ɗakin langa-langa ba. Ya riƙa bin gidajen burodi yana kwasar toka, ya tankaɗe ta, ya tankaɗe jar ƙasa, ya kwaɓa su da ruwan kanwa mai kaifi har tafin hannunsa ya tsattsage. Da wannan yake jera tubali, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Bai taɓa kiransa siminti ba. Kafin ya ɗora tubali ɗaya, sai mai gida ya ji duk abin da ke cikin kwaɓin.

Gaskiya ne katangarsa ta farko ta faɗi, ƙasa ta yi mata yawa. Ya sake gina ta da hannunsa, ya rage ƙasar, ya daina ɗibar ta bakin rafi. Amma a daidai lokacin wasu masu buga bulo sun fara cusa ƙasa cikin siminti a ɓoye. In mai saye ya dawo da ƙorafi, sai su ce ai dabarar Ilu ce. Ni nake kai musu ƙasar. Wata rana ya tambaye ni ko suna gaya wa masu saye, na ce ban sani ba, alhali na sani.

Yanzu wani maƙwabcina da ya karanci aikin gini ya ce mini a jami'o'i ana gwada ƙasa a cikin kwaɓin tokar kwal, ana auna yawan da gini zai ɗauka. Da Yaya Ilu na nan da ya ishe su da tambaya, don har ya mutu bai gane abin da ya sa wata ƙasar ke kamawa wata ta ƙi ba. Abin da ba zai yafe ba shi ne a cuci mai neman makwanci, sannan a goge hannu da sunan mamaci.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Kwanan baya 'yarsa Binta, wadda yanzu har ta yi jika, ta je sayen bulo a Kurmin Mashi. Mai sayarwa, don ya kwantar mata da hankali, ya ce, "Hajiya, namu ba kwaɓin Ilu ba ne." Ta juya ta bar wurin. Ta zo wurina ta ce, "Baffa, me Baba ya yi wa mutane?"

Na kai ta bayan gidana. Ɗakin da ubanta ya gina mini yana nan. Na taɓa yi masa filasta da siminti don kada baƙi su gane ginin waye, filastar ta ɓamɓare ta zube, aikinsa na ƙasa ko tsaga babu. Binta ta ɗora tafinta a bangon, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Ba zan sake rufe shi ba. Mai son ganin kwaɓin Ilu ya zo, ƙofata a buɗe take. Na masu cusa ƙasa cikin siminti a ɓoye kuwa, ku kira shi algus. Allah Ya jiƙan Yaya Ilu.