Ɗan Ladan da Kukar Kufai

Akwai abin da na gani a Gafasa wanda ko tsufa ya cinye mini tunani ba na jin zai tafi da shi. A farkon shekarun saba'in ne, ina sabon malamin firamare, hedimasta ya ɗora mini koya wa yara ƙwallo. Ba don na iya ba, don dai ni ne ƙarami a cikin malamai.

Yara biyu ne suka tsaya mini a rai. Ɗan maƙeri da abinsa aka haife shi. Sai ya ga dama yake zuwa fili, amma in ya karɓi ƙwallo sai dai ka riƙe baki. Ɗan ladan kuwa dogo ne zanƙalele, ƙwallo ta zo masa sai ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, yara su kwashe da dariya. Ni kaina na sha daka masa tsawa.

Bayan wani dogon hutu sai yaron nan ya dawo kamar an sake shi. Ko ta ina ƙwallo ta ɓullo zai tare ta, kuma ba ya gajiya. A daidai lokacin aka aiko daga Gaya cewa kowace makaranta ta kawo yaro ɗaya, za a tace waɗanda za su je wasa Kano. A raina na riga na zaɓi ɗan ladan.

Ashe gari ya ɗauki magana. Mata masu itace sun ce da rana tsaka suna jin dum, dum daga tsohon kufan da ke gabas da gari, inda wata ƙatuwar kuka take, kuma sun hango yaron yana magana da wanda ba a gani. A wurinmu ba mai zuwa gindin kuka da tsakar rana, kowa ya san lokacin masu wurin ne.

Ladan ya same ni a ƙofar aji, idonsa ja. Ya ce, "Malam, ɗan maƙeri tun yana tatata muka san shi da ƙafa, wannan baiwa ce daga Allah. Nawa fa? Wa ya ba shi? Ni da nake kiran salla, a ce ɗana da iskoki yake wasa?"

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri in je in gani da idona."

Na je. Rana ta take, ko tsuntsu ba ya motsi, sai rusassun katangu da fasassun tukwane. Can na fara jin dum, dum. Sai ga ƙwallo ta fito daga bayan kuka, ta koma, ta sake fitowa, ban ga mai buga ta ba. Sannan na ji murya, kuma wallahi muryata ce, da irin tsawata: "Ɗaga kanka, kai dogo! Ƙafar hagun ado ce?" Tsigar jikina ta tashi. Na karanto duk abin da ya zo bakina, na leƙa.

Yaron ne shi kaɗai, da ƙwallon tsumma. Yana dukan jikin kukar da ita, ƙulle-ƙullen ɓawon su cillo ta inda suka ga dama, shi kuma ya bi ta a guje yana kwaikwayon faɗana. Wurin da yake duka ya siɗe sumul. Yatsun ƙafarsa duk sun tsage, ya ɗaure su da ƙyalle.

Na ce, "Kai, duk faɗin garin nan sai nan?"

Ya ce, "Malam, nan ne kaɗai ba mai yi min dariya."

Da murnata na janyo ladan washegari, na nuna masa siɗaɗɗen wurin. Ya daɗe yana kallo daga nesa, ya ƙi matsowa. Sai ya ce a hankali, "Malam, kai da iliminka, ƙafar ɗan'adam ce za ta yi wa kuka haka?" Hujjar da na kawo ita ta kashe maganar. Aka yi wa yaro hayaƙi da rubutu, aka ƙone ƙwallon, uban ya rantsar da shi ba shi ba ita har abada.

Ɗan maƙeri na kai Gaya. Ya burge mutane da farko, amma kafin a je hutun rabin lokaci ya dafe gwiwa yana haki. Ba a ɗauke shi ba, ko a jikinsa, a mota ma rake yake sha.

Bayan shekaru na haɗu da ɗan ladan ran kasuwar Ajingi, ya zama magidanci. Muna cikin gaisawa ƙwallon wasu yara ta gangaro daidai ƙafarsa. Na ga ƙafar ta ɗaga da kanta, sai ya janye ta, ya matsa gefe ƙwallo ta wuce. Ranar na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Abin da na koya shi ne, mu mutane ba ma gardama da baiwa, amma in naci ya kai yaro inda ba mu zata ba, sai mu nemo masa wani dalili. Daga nan duk yaron da na ga yana faɗuwa yana tashi, gaban iyayensa nake sa shi ya yi gumin, su gani tun daga ranar farko.