Shafin da Bai San Kwanan Wata Ba

Yayana ya yi shekara talatin yana buga takardu a ofishin ruwa, amma ba da wannan aka san shi ba. Mai Awo ake ce masa. Tun da ya yi ritaya, kullum da sassafe yakan taka zuwa gada, ya leƙa ginshiƙin da aka zana wa layuka, ya ga inda kogi ya kai, ya dawo ya rubuta a shafin intanet. Mutanen da ke noma a ƙasan gada da wannan shafi suke sanin ko za su ƙetare zuwa gonakin tsibiri ko su zauna a gida.

Shi ya gina shafin da hannunsa, harafi bayan harafi, yana da shekara sittin da ɗoriya, don taurin kai irin na gidanmu. In ka ga shafin sai ka yi dariya. Fari fat, ba hoto, ba ado, layi biyu kawai: "Yau ruwa yana layi na uku. Ana iya ƙetarewa." In ya kai layi na bakwai, sai ya rubuta kada kowa ya shiga.

Mijin 'yarsa, mai gyaran waya, shi ya fara kawo maganar canji. Ya zo da kwamfutarsa ya nuna mana wata manhaja da ake gina shafi da ita ba tare da rubuta komai ba, ka jawo akwati ka ajiye, ka jawo hoto ka ajiye. Kafin ruwan zafi ya huce ya haɗa shafi mai hoton kogi, har da igiyar ruwa tana motsi.

"Baba, wannan ko Gwaggo za ta iya canza lambar daga wayarta," in ji shi, yana nuna ni.

Yaya bai yi musu ba. Ya ce mu je ƙasan gada, inda ake samun sabis da kyar. Can ya ari ƙaramar wayar wata mai sayar da kifi. Sabon shafin ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, har matar ta gaji da riƙo. Nasa kuwa kafin ka ƙifta ido ya buɗe.

"To, ka gani," in ji Yaya. "Don wa aka yi shi, don mu ko don su?"

Surukin ya ce, "Na gani, Baba. Amma ranar da ba ka nan fa?"

"Ina za ni?"

Ni ce na yi dariya a lokacin, kuma ni na goya wa Yaya baya. Har na ce wa yaron ya bar dattijo da abinsa. Wannan dariyar tana damuna har yanzu.

Akwai abin da duk cikinmu ba wanda ya lura da shi. Yaya bai taɓa sa kwanan wata a shafin ba. Kalmar "Yau" da hannu ya rubuta ta tun ranar farko, lambar kawai yake canzawa. Me zai yi da kwanan wata, shi da bai taɓa fashin kwana ɗaya ba a shekara takwas?

Daminar bana na fara ganin cokali yana rawa a hannunsa. Na yi magana, ya ce sanyi ne. Na ce ya koya mini yadda ake canza lambar, ya ce sai ruwa ya ja baya, yanzu ba shi da sukuni.

Ranar Talata ya faɗi a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. Likita ya ce ɓarin jiki ne ya shanye, har da harshe. Kwana biyu muna asibiti, ana ta sheƙa ruwa, ba wanda ya tuna da gada. Safiyar Alhamis ya kama hannuna da hannun da ya rage masa, yana ta zana layuka a tafina, idonsa a kan taga. Sai na gane layukan gada yake nufi.

Na je gada. Ruwa ja wur, yana ɗauke da rassan itace, ya shafe layi na shida yana lasar na bakwai. Na duba wayata. "Yau ruwa yana layi na uku. Ana iya ƙetarewa."

Na ruga ɗakinsa na kunna kwamfutar. Baƙin allo, cike da alamomi kamar tururuwa. Na lalubo lambar na canza ta, na duba waya, shafin bai motsa ba. Na kira surukin, ya ce akwai wata hanya da Baba ke tura rubutun, kuma Baban ne kaɗai ya san kalmar sirrin. Ya ce ga shi nan tafe, amma hanya ta yanke.

Ina zaune a kujerar Yaya sai wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Mai sayar da kifin nan ce, muryarta a sake.

"Gwaggo, ya jikin Baba? Ki ce masa mun gode. Mun ga ruwan kamar ya yi yawa, amma muka duba shafi ya ce ba komai. Maigidan da yaran tun ɗazu suka ƙetare."