Mai Askin da Ya Ƙi Allurar Barci

A layin da shagonsa yake, Malam Tsaf kowa ke ce masa. Mai aski ne, kuma tsabtarsa ta wuce ta lafiya, ta zama jaraba. Tawul ɗinsa fari fat, almakashi da reza kowanne da inda yake kwana. In ka kuskura ka yi atishawa a shagon, kafin ka kai bakin ƙofa ya bi kujerar da tsumma da ruwan zafi.

Amma duk cikin ƙazantar ɗan Adam babu wadda ke tayar masa da zuciya kamar mutumin da barci ya kwashe a kujerar aski. Kuma suna da yawa, Allah ya sani. Da kilifa ta fara ƙugi a ƙeya, sai ka ga babban mutum mai mota da direba ya lumshe ido, haɓa ta saki, baki ya wangame, miyau ya dalalo ta gefe yana neman wuyan riga. Ya ga shugaban makaranta yana minshari har da fito. Ya ji wani dillalin gidaje yana kiran sunan matar da ba tasa ba. Malam Tsaf kan riƙe numfashi ya ƙarasa askin yana kallon silin, sannan ya ɗauki tawul ɗin da yatsu biyu ya jefa a bokiti. A wannan shagon ya yanke wa kansa hukunci cewa barci tsiraici ne, kuma babu mahaluƙin da zai ga nasa. A gida shi ne ƙarshen kwanciya, shi ne farkon tashi. Yakan yi alfahari cewa ko uwar 'ya'yansa ba ta taɓa ganin barcinsa ba. In ya faɗa a gabanta, sai ta ci gaba da ninkin kayanta.

Ciwon ya faro ne da ƙwannafi. Daga baya ciki ya riƙa cizonsa, wando ya soma zamewa daga ƙugu, bayan gida ya koma baƙi ƙirin mai warin da shi kansa sai ya toshe hanci. Ya ɓoye iyakar ɓoyewa, har ranar da jiri ya ɗebe shi da reza a wuyan mutum.

Likita ya ce akwai inda ke zubar da jini a ciki, sai an leƙa. Za a zura siririn bututu mai kyamara ta baki har tumbi. Hanya biyu ce: ko a yi masa allurar barci, ya farka an gama, wani ya raka shi gida, ko a fesa masa magani a maƙogwaro ya mutu, a yi yana ji yana gani. Yawancin mutane barcin suke zaɓa.

Ranar aikin ya zo shi kaɗai, ciki wayam kamar yadda aka umarta. Bencin da ya zauna yana kallon ɗakin da masu allura ke farfaɗowa, labulen kuma bai rufu duka ba. Ga su nan jere a kan gadaje, kowa ta gefen hagu, baki a sake. Wani ƙato mai gemu yana ta dariya yana ce wa nas Inna. Wani dattijo ya saki iska mai ƙara, ko gezau bai yi ba. Malam Tsaf ya kawar da kai. Shagonsa ne sak, sai dai babu madubi.

"Likita, ni ido biyu za a yi mini."

"Baba, ana yi, amma ba kowa ke jurewa ba."

"Ni ba kowa ba ne."

Feshin ɗaci ne da shi kamar an tauna ƙwayar magani. Nan da nan harshe ya yi nauyi, maƙogwaro ya zama kamar na aro. Aka kwantar da shi ta hagu, aka cusa masa wata roba mai huda tsakanin haƙora. Nas ɗin, yarinya sa'ar autarsa, ta shimfiɗa tawul ƙarƙashin kumatunsa, ta ce kada ya yi ƙoƙarin haɗiye miyau, ya bar shi ya zuba. Ya bar shi ya zuba! Kafin ya gama jin zafin wannan maganar, bututun ya wuce ganɗa.

Jikin da ya yi shekaru yana yi wa tarbiyya ya watsa masa ƙasa a ido. Kakarin amai ya taso tun daga cibiya. Aka hura masa iska a ciki, ya saki gyatsar da aka ji har kan benci. Hawaye, majina, miyau mai yauƙi da ɗumi yana bin kumatu yana shiga kunne, kuma yana jin tafiyar kowane ɗigo. Yarinyar tana shafa masa kafaɗa tana cewa sannu Baba, ja numfashi ta hanci. Bai san lokacin da hannunsa ya cafki bututun ba. Likita ya zare, ya ce ya isa, ba za a ƙarasa a haka ba. Wai ya hango jini amma bai kai wurin ba. Dole a sake, da allura, kuma ba da jimawa ba.

Abin takaicin shi ne, ƙaton nan mai gemu ya tafi gida bai san abin da ya yi ba. Shi kuwa Malam Tsaf babu abin da ya ɓace masa. Ya yi wanka har sabulu ya kusa ƙarewa, ya jefar da rigar, ya rantse shi da asibitin nan har abada.

Matarsa ba ta yi musu da shi ba. Ta bar shi ya ƙara ramewa, ya rufe shago saboda hannu na rawa. Wata safiya ta ajiye masa takalmansa a gaba, ta yafa mayafi.

"Malam, in ka mutu, wasu ne za su juya ka yadda suka ga dama, bakinka a buɗe, ba ka da ta cewa. Tashi mu je."

Wannan hoton ya fi na farko muni, don haka ya tashi. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ta zauna a benci, kada ta shigo sai ya miƙe da ƙafafunsa.

Ya ji sanyi yana hawa hannunsa daga inda allurar take. Ya buɗe baki zai tambaya yaushe za a fara, sai aka ce an gama. Gyambon ciki ne, an tsayar da jinin, sauran aikin na magani ne. Bai ko saurari likita sosai ba. Hannu ya kai wuyan riga, ya ji a bushe. Ya shafa gefen baki, ƙamas.

A tasi, kan hanyar gida, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya ce mata ta gani ko, wanda ya saba kama kansa ko an sumar da shi ba ya zubar da girma. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta buɗe jaka ta nuna masa hankici a dunƙule, jiƙe sharkaf. Nas ce ta kira ta ciki yana barci, ita ta riƙa goge masa miyau.

"Kin gan ni?"

"Malam, wa kake tsammani ke canza rigar filonka kullum da safe kana banɗaki? Ta hagu kake zubarwa, tun muna sabon aure."

Ya daɗe yana kallon ƙeyar direba, wadda ke bukatar aski.

"Ba ki ji ƙyama ba?"

"Na ji mana," in ji ta, tana mayar da hankicin jaka. "Ana ji, a wanke."